Shekarun Gwanjo: Yadda Manoman Amurka Suka Koyi Ɗaga Waya

A tsakiyar shekarun 1980, matafiyin da ya ratsa ƙananan garuruwan jihar Iowa da ke tsakiyar Amurka yakan ci karo da wani abu mai tayar da tsikar jiki a harabar kotuna: fararen gicciye na katako, an kafe su sahu-sahu a kan ciyawa kamar a maƙabartar soja. Babu gawa ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Manoma ne ke kafa su, kowane gicciye a madadin gona guda da bashi ya cinye. Sai dai a daidai wannan lokacin, can cikin karkara, ana haƙa kaburbura na gaske. Ana rufe magidantan da wani lokacin akan ce haɗari ne ya rutsa da su a bakin aiki, alhali mutanen garin sun san abin da ya faru, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Daga waɗannan shekaru ne wata sana'a ta tsiro wadda a da ba ta da ko suna: zama a bakin waya dare da rana, ana sauraron manomin da duniya ta yi wa zafi. Waɗanda suka fara ta yawancinsu ba su taɓa shiga ajin likitanci ba. Matan manoma ne, da limaman coci, da malaman gona, da lauyoyi ƙalilan.

Kafin a kai ga gicciye, sai da aka sha romo. A 1972 damina ta yi wa Tarayyar Sobiyet gardama, ta shigo kasuwar Amurka ta kwashi alkama da masara miliyoyin tan, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Ministan gona na lokacin, Earl Butz, ya riƙa zagaya ƙasa yana gaya wa manoma su nome gonakinsu daga shinge zuwa shinge, kada su bar ko taku ɗaya. Da shi ake danganta maganar nan da ta zama karin bakin zamanin: ko ka faɗaɗa, ko ka ba da wuri. Bankuna suka buɗe bakin jaka. Tsadar kaya tana gudu fiye da kuɗin ruwa, don haka wanda ya ci bashi bana, da kuɗin da suka rage daraja zai biya baɗi. Eka ɗaya ta gona a Iowa, wadda ba ta kai rabin hekta ba, dala 419 ce a matsakaici a 1970. Zuwa 1981 ta kai dala 2,147. Mutum yana zaune a gonar da kakansa ya bar masa, bai ƙara ko buhu ɗaya a rumbu ba, sai ya wayi gari attajiri a takarda. Da wannan takardar yake zuwa banki ya jinginar da gonar, ya sayi ta maƙwabci, ya sayi sabuwar tarakta, ya gina wa aladu ɗaki, ya kira ɗansa da ya gama jami'a ya dawo gida su noma tare.

Guguwar ta taso daga wuraren da manomi ba shi da ta cewa. A watan Oktoba na 1979 shugaban babban bankin Amurka, Paul Volcker, ya ɗaura ɗamarar karya tsadar kaya ta hanyar matse kuɗi, har kuɗin ruwan da bankuna ke caji manyan abokan hulɗarsu ya kai kashi 21.5 cikin ɗari a ƙarshen 1980. A watan Janairun 1980 Shugaba Jimmy Carter ya hana sayar wa Sobiyet hatsi saboda ta mamaye Afganistan. Dala ta yi ƙarfi, masarar Amurka ta yi wa masu saye na waje tsada, suka koma wasu kasuwanni. A 1983 kuma fari ya zo ya ɗora nasa. Bashin da ke wuyan manoman ƙasar ya haura dala biliyan 200. Eka ɗin nan ta dala 2,147 ta gangaro har dala 787 a 1986.

Yadda tarkon ke kama mutum shi ne abin lura. Manomin masara a can ba ya shuka sai da rancen shekara: kuɗin iri, da taki, da man tarakta, ya biya bayan girbi. Da darajar gonar da ya jinginar ta faɗi ƙasa da bashin da ke kanta, sai banki ya ce bana babu rance. Babu rance, babu shuka. Babu shuka, babu abin biyan tsohon bashi. Gaba kura, baya sayaki. Waɗanda abin ya fi ci kuwa su ne matasa masu himma da suka bi shawarar minista da ta banki sau da ƙafa. Tsohon da ya ƙi cin bashi, wanda ake yi wa dariya a 1975 cewa zamani ya wuce shi, shi ya tsira. Su ma bankunan ba su sha ba: a 1985 kaɗai bankunan karkara sama da 60 suka durƙushe.

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A karkarar Iowa ma haka yake, amma ba a yarda a gan shi a waje. Jiha ce da tun 1976 take karrama iyalan da suka riƙe gona ɗaya shekara ɗari, a kira su a bajekolin jiha a miƙa musu takarda da allon da za su kafa a bakin hanya. Duk wanda ya san nauyin gonar gado, da irin kallon da dangi ke yi wa wanda ya sayar da ita, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kakan kaka ya share daji, kaka ya tsallake matsin tattalin arzikin shekarun 1930, uba ya riƙe, sai a hannunka ta salwanta. Ranar gwanjo kuma ba a ɓoye take zuwa ba. Jaridar gari takan buga sanarwa da jerin kayan mutum ɗaya bayan ɗaya, daga tarakta har guduma, maƙwabtan da kuka yi shekara da shekaru kuna zama layi ɗaya a coci su zo suna taya kayanka a tsakar gidanka, matarka na leƙe ta taga.

A shekarun 1930, lokacin da irin wannan ta faru, manoma sun haɗa kai. Sukan cika wurin gwanjo, su taya doki ko garma da 'yan kwabbai, su zare wa duk baƙon da ya yi niyyar ƙarawa ido, a ƙarshe su mayar wa mai kaya kayansa. A 1933 a garin Le Mars har alƙali suka fizgo daga kujerarsa suka sa masa igiya a wuya don ya daina sa hannu a takardun ƙwace gonaki, sai da gwamna ya turo soja. A shekarun 1980 an gwada farfaɗo da wannan, an yi ta ihu a wuraren gwanjo don a hana ciniki, an kafa gicciye, amma zuciyar karkara ta riga ta sauya. Wata masaniyar al'adun al'umma, Kathryn Marie Dudley, da ta zauna da manoman yammacin Minnesota bayan ƙura ta lafa, ta tarar maƙwabta da yawa suna ganin wanda ya rasa gonarsa shi ya jawo wa kansa, da son babbar tarakta da rashin iya lissafi. Shi ma wanda abin ya shafa haka yake gani. Sai iyali su daina zuwa coci, su daina zuwa kallon wasan yara a makaranta, maigida ya daina shiga shagon da ake shan kofi da safe. Wani ma wasiƙun banki yake tarawa a aljihun mota ba tare da ya buɗe ba, matarsa ba ta san komai ba sai ranar da jami'in kotu ya yi sallama.

Cibiyar nazarin lafiyar manoma da ke Marshfield a jihar Wisconsin ta ƙirga daga baya: tsakanin 1980 da 1988, manoma maza 913 ne suka kashe kansu a jihohi biyar na arewacin yankin, wato Wisconsin, Minnesota, Dakota ta Arewa, Dakota ta Kudu da Montana. A wasu shekarun adadin ya kusa ninka na sauran fararen maza a ƙasar. Iowa da Nebraska ba sa cikin lissafin ma. Wani lokacin kuma wutar kan fita waje. A watan Satumba na 1983, kusa da Ruthton a Minnesota, wani da banki ya karɓe wa gona shi da ɗansa suka yaudari ma'aikatan bankin biyu da sunan masu saye ne, suka kashe su a gonar. Ranar 9 ga Disamba, 1985, wani manomi ɗan shekara 63, mutumin da ake ganin girmansa a yankinsu, ya kashe matarsa, ya shiga bankin garin Hills a Iowa ya kashe shugaban bankin, ya kashe wani maƙwabcinsa, sannan ya kashe kansa.

Asibitocin ƙwaƙwalwa suna nan, amma manomi ba ya zuwa. Suna da nisa, suna da tsada, kuma a garin da bai wuce mutum dubu ba kowa ya san motar kowa. Ka ajiye akori-kurarka a ƙofar likitan damuwa da hantsi, kafin azahar labari ya zaga. Ban da haka, in ka tambaye shi zai ce lafiyarsa ƙalau, kuɗi ne ba shi da su. Kuma gaskiyarsa ce, ko da rabi.

Ta wannan rabin gaskiyar masu taimako suka shiga. A gidajen gona da yawa mace ce ke riƙe da littafin lissafi, ita ta san abin da ya shigo da abin da ya fita, ita ke ganin mijin ya daina barci. Lou Anne Kling, matar wani manomi a kusa da Granite Falls a Minnesota, ta fara ne da taimaka wa wani maƙwabci da hukumar ba da rance ta gwamnatin tarayya, FmHA, ke shirin karɓe wa gona. Ta samo kundin ƙa'idojin hukumar ta zauna ta karance shi, ta gano manomi yana da haƙƙoƙin da babu wanda ya gaya masa. Labari ya bazu, waya ta fara ƙara a kicin ɗinta ba dare ba rana. A 1984 ma'aikatar gona ta jihar ta mayar da abin shiri na hukuma, aka horar da manoma su zama masu tsaya wa manoma: su zo gidanka, a baje takardu a kan teburin cin abinci, a yi lissafi, su raka ka banki su zauna kusa da kai. Shirin yana nan har yau. Mutumin da ba zai taɓa cewa yana tunanin mutuwa ba, in an kai awa uku ana tattara rasit tare da wanda ya san zafin abin, sai bakinsa ya buɗe.

A Dakota ta Arewa wata matashiyar lauya, Sarah Vogel, ta kai hukumar FmHA kotu a 1983 a madadin manoma tara. Hujjarta ita ce tun 1978 majalisa ta yi dokar da ta ba da damar ɗaga wa manomi ƙafa in abin da ya hana shi biya ya fi ƙarfinsa, hukumar kuwa ta ƙi sanar da kowa, tana ta ƙwace gonaki ba tare da sauraron mai gona ba. Alƙali Bruce Van Sickle ya ba ta gaskiya, aka faɗaɗa hukuncin ya rufe manoma kimanin 240,000 a faɗin ƙasar. Waɗanda take karewa ba su da abin biyanta. Ita kanta gidanta ya tafi a bashi tana tsakiyar shari'ar. Daga baya jama'ar jihar suka zaɓe ta kwamishinar gona.

A Oklahoma kuma akwai Mona Lee Brock, malamar makaranta. Ita da mijinta sun rasa gonarsu, ba da jimawa ba mijin ya rasu. Ta karɓi layin wayar da majalisar coci-coci ta jihar ta buɗe, ta yi shekaru tana amsa kiran manoma a kowane lokaci na dare. Dabararta ba ta wuce ta riƙe mutum da hira ba, ta tambaye shi iyalinsa da gonarsa, ta sa ya yi mata alkawarin zai kai safiya, kafin nan ta samo wanda zai isa gidan, ko ita da kanta ta shiga mota. Ta rasu a 2019.

Layukan waya na hukuma sun biyo wannan sawun. Coci-cocin Nebraska suka haɗu suka buɗe nasu a 1984. A 1985 sashen malaman gona na Jami'ar Jihar Iowa ya buɗe wanda ya kira Rural Concern, wato abin da ya dami karkara. A duba sunan da kyau: babu hauka a ciki, babu ciwo, babu likita. An ajiye lauya da masu lissafin gona da masu ba da shawara kan damuwa a bayan lamba ɗaya, kiran kyauta ne, kuma ba dole ka faɗi sunanka ba. Mutum yakan kira ya tambayi ko banki yana da ikon taɓa shanun da ba su cikin jingina. Mai amsawa ya ba shi amsar, sannan a hankali ya tambaye shi yaushe rabon da ya yi barci, ko yana cin abinci, ko matarsa ta san halin da ake ciki. A Nebraska an ƙara da wata dabara: takardar shaida da ake ba manomi ya je wurin mai ba da shawara kyauta, ba tare da sunansa ya bi ta kamfanin inshora ba. Duk hikimar a wuri ɗaya take, wato a taimaki mutum asirinsa a rufe.

Manyan gari sun farga a makare, amma da ƙara. A bikin kiɗan Live Aid na Yulin 1985, wanda aka shirya don yunwar Habasha, mawaƙi Bob Dylan ya yi fatan a ɗan ware wani abu don manoman Amurka masu bashi. Mutane da yawa sun ga maganar ba ta dace da wurin ba, amma wani mawaƙin, Willie Nelson, ya ɗauke ta. Shi da Neil Young da John Mellencamp suka shirya bikin kiɗan Farm Aid ranar 22 ga Satumba a Champaign ta jihar Illinois, mutum kusan 80,000 suka halarta, aka tara sama da dala miliyan 7. In aka auna da bashin biliyan 200, ko cikin cokali bai kai ba, masu shirin ma sun gane haka. Sai suka karkatar da kuɗin ga abincin iyalai, da lauyoyi, da masu amsa waya irin su Mona Lee Brock. Fadar shugaban ƙasa kuwa ba ta nuna alamar tausayi ba: a watan Maris na shekarar, Shugaba Ronald Reagan ya hau kujerar na-ƙi kan dokar agajin rance, har aka ruwaito shi yana barkwanci a wata liyafa cewa gara a riƙe hatsin a fitar da manoman waje.

Dokoki sun zo daga baya. Gwamna Terry Branstad ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tattalin arzikin Iowa a Oktoban 1985 don a sassauta ƙwace gonaki. A 1986 Iowa da Minnesota suka wajabta zaman sulhu: kafin mai bin bashi ya taɓa gona, sai ya zauna da manomi a gaban mai shiga tsakani. A shekarar ce majalisar tarayya ta ƙara babi na 12 a dokar karayar arziki, musamman don manomi ya sake tsara bashinsa yana kan gonarsa. Ga dubban iyalai, an yi gwanjon an gama kafin tawadar ta bushe. Iowa tana da gonaki kimanin 115,000 a 1982. Bayan shekara goma ba su kai 97,000 ba.

Abin da ya faru a cikin gidajen sai da masana suka bi shi da kyamara. Daga 1989 Rand Conger da Glen Elder da abokan aikinsu suka riƙa ziyartar iyalai 451 a gundumomi takwas na arewa ta tsakiyar Iowa, kowane gida da yaro ɗan kimanin shekara 12 ko 13, suna ɗaukar hirar iyali a faifan bidiyo shekara bayan shekara. Suka ga hanyar da talauci ke bi ya isa ga yaro: matsin kuɗi ya jefa iyaye cikin ƙunci, ƙunci ya haifi faɗa tsakanin miji da mata, faɗan ya sauka a kan 'ya'ya da tsawa da rashin kulawa, sai a gani a makaranta da halin yaron. A gidajen da miji da mata suka riƙe juna, yaran sun fi tsira ko da asarar ɗaya ce. Wannan bincike ya zama ginshiƙi a fagen nazarin iyali, ana gwada shi a ƙasashe da dama.

Da farashi ya farfaɗo, sai kuɗin tallafi ya janye, layuka da yawa suka mutu. Na Iowa ya rayu. Lokacin ambaliyar 1993 aka sauya masa suna zuwa Iowa Concern don mutanen birni ma su kira. 'Yan tsiraru suka ci gaba da riƙe sana'ar. Michael Rosmann, masanin halayyar ɗan Adam da ya bar koyarwa a Jami'ar Virginia a 1979 ya koma noma kusa da Harlan a Iowa, ya shafe shekaru yana bayyana wa likitoci cewa manomi yana manne wa ƙasa ne da wani ƙarfi da ya wuce lissafin riba, shi ya sa rasa gona ke yi masa kamar rasa rai. A Minnesota, jiha ta ɗauki nauyin wani mai ba da shawara kan damuwa, Ted Matthews: babu kuɗin ganin likita, babu cike takarda, lambar wayarsa ta hannu ce a hannun manoma, kuma sau da yawa matan ne ke fara kira.

Majalisar tarayya ta amince da kafa cibiyar tallafa wa manoma kan damuwa a dokar noma ta 2008, sannan ta yi shekara goma ba ta saka mata ko sisi ba. Abin da ya tayar da maganar har da kuskure: wani rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar na 2016 ya nuna masu aikin gona sun fi kowa kashe kansu, jaridu suka yayata, daga baya hukumar ta janye shi saboda an cakuɗa rukunan sana'o'i wajen ƙirga. Amma matsalar ba ƙarya ba ce. A farkon 2018, da farashin madara ya faɗi, ƙungiyar masu kiwon shanun madara ta Agri-Mark a arewa maso gabashin ƙasar ta aika wa mambobinta takardar kuɗin madararsu haɗe da jerin lambobin da mai tunanin kashe kansa zai kira. Dokar noma ta ƙarshen shekarar ta amince da dala miliyan 10 duk shekara don wannan aiki, kuma a Yulin 2022 ƙasar ta buɗe gajeriyar lamba guda ta gaggawa ga duk mai irin wannan hali.

A 2023 matsakaicin farashin eka ɗaya a Iowa ya haura dala 11,000, fiye da ninki goma sha huɗu na abin da ta faɗo a 1986. Gonakin sun ƙara girma, masu su sun ƙara tsufa, makarantu da coci-coci da yawa a ƙananan garuruwan an haɗe su ko an rufe. Layin da malaman gona suka buɗe a 1985 yana nan yana aiki awa ashirin da huɗu, kuma har yanzu akwai lauya a cikin masu amsawa, saboda masu kiran da ke fara magana da tambaya a kan takardar haya ko wasiƙar banki.